Kafin Ki Zuba Rini A Kanki: Gida Ko Salun?

Duk lokacin da sallah ta gabato, ko biki ya taso a dangi, ko mace ta tsefe kanta ta ga furfura ta fara leƙowa ta gaban goshi, tambayar da ke yawo tsakanin mata ɗaya ce: in sayo rini in shafa da kaina a ɗaki, ko in je salun a yi mini? Masu son gida suna kafa hujja da sauƙin kuɗi da sutura. Masu son salun suna cewa aikin gwani daban ne, kuma abin da aka biya kuɗi a kansa ya fi aminci. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai dukansu sun ɗora nauyin a kan wurin da za a zauna, alhali abin da ke yanke hukunci shi ne irin aikin da ake son yi wa gashin da kuma abin da ke cikin kwalbar. Rini yana iya ɓata gashi, yana kuma iya cutar da jiki, kuma hanyoyin biyu sun sha bamban. Ƙwarewar mai gyaran gashi tana kare ki daga na farko. Na biyun kuwa, wato borin da jiki ke yi wa sinadarin rini, babu ruwansa da ƙwarewa. Yadda zai same ki a kan tabarmar ɗakinki haka zai same ki a kan kujerar salun mafi tsada a Abuja. Wadda ta rarrabe waɗannan biyun za ta san ranar da ya dace ta zauna a gida, da ranar da ya wajaba ta fita, da ranar da ya kamata ta haƙura da rinin gaba ɗaya.

Sai an san abin da rini ke yi a cikin gashi sannan sauran bayanin zai zauna. Kowane silin gashi yana da ɓawo a waje, a jere wani bisa wani kamar ciyawar jinka, kuma a ƙarƙashin ɓawon ne launin asali yake. Rinin dindindin, wanda ke zuwa da mazubi biyu a kwali, ba a saman gashi yake zama ba. Mazubi na farko yana ɗauke da amoniya ko danginta, tare da ƙananan ƙwayoyin rini da ba su riga sun yi launi ba. Na biyu ruwan haɗi ne, wato haidirojin faroksaid. Idan aka cakuɗa su aka shafa, amoniya ta kumbura silin ta ɗaga jinkar, faroksaid ta kutsa ciki ta cinye wani ɓangare na launin asali, sannan ta sa ƙananan ƙwayoyin nan su harhaɗu su zama manya, su maƙale a ciki su kasa fitowa. Shi ya sa sabulu ba ya wanke shi. Amma jinkar da aka ɗaga da ƙarfi ba ta komawa ta kwanta daidai kamar da, kuma gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, ba ya warkewa kamar yadda ciwo ke warkewa. Mai da man kaɗe suna tausasa shi, ba sa mayar masa da abin da ya rasa. Gashin ɗan'adam kuwa kimanin santimita 1 yake tsiro a wata. Ke nan gashin da ya kai santimita 20 ajiyar fiye da shekara ɗaya da rabi ce, kuma kuskuren minti 40 ya isa ya salwantar da ita.

Ruwan haɗin nan hawa-hawa ne, kuma lambar da ke jikin kwalbarsa ita ce ke faɗin ƙarfinsa. Lamba 10 tana nufin faroksaid kashi 3 cikin 100, lamba 20 kashi 6, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kuma kashi 12. Don rufe furfura da launi mai duhu, lamba 20 ta wadatar. Lamba 30 da 40 na masu son haske ne, kuma suna iya ƙona fatar kai. A nan tarihin sana'ar yana da abin faɗa. Lokacin da Eugène Schueller ya haɗa rininsa a Faris a 1907, wanda daga baya ya zama tushen kamfanin L'Oréal, masu gyaran gashi yake sayar wa, domin su ne ke duba kan mace su auna. Sai a 1956 kamfanin Clairol ya fitar da kwalin da mace za ta yi amfani da shi a gida a Amurka. Kwalin gida ya kawo sauƙi, amma a bisa sharaɗi guda: ƙarfi ɗaya aka zuba wa kowa, mai gashi mai kauri da mai siriri, wadda ba ta taɓa sa komai ba da wadda ta shekara goma tana rilaksa. Hoton da ke jikin kwalin ma yawanci sakamako ne a kan gashin da ya fi namu haske tun asali.

Haɗarin da ya fi damuna, wanda kuma salun ba ya maganinsa, yana tattare da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD. Shi ne ƙashin bayan yawancin rinin dindindin mai duhu, kuma gwargwadon baƙin rini gwargwadon yawansa a ciki. Yana cikin sinadaran da suka fi tayar da borin fata, har ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan bori ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekarar 2006 don jawo hankali a kansa. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, ta kuma tilasta a rubuta a jikin kwali cewa ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 16 ba. Yadda borin ke samuwa shi ne abin da mutane ba su fahimta ba. Karon farko da PPD ya taɓa fata, sau da yawa babu abin da ake gani. A ɓoye garkuwar jiki ke haddace shi ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Wata rana, ko a karo na biyu ko na hamsin, sai ta tashi masa, kuma daga ranar ba ta mantawa har ƙarshen rayuwa. Ba kasafai yake bayyana nan take ba. Bayan kwana ɗaya zuwa uku ne ƙaiƙayi ke farawa a bayan kunne da ƙeya da gaban goshi, sai ja, sai ƙuraje masu ruwa, wani lokaci fuska ta kumbura har idanu su rufe. Saboda wannan jinkirin ne mace kan ɗora laifin a kan sabon man shafawa ko abincin biki, ta sake komawa ga rinin bayan wata biyu, borin ya dawo fiye da na farko.

A ƙasar Hausa akwai ƙofar da wannan bori ke shigowa wadda ta fi rinin gashi faɗi, ita ce dayis. Ganyen lalle ja yake bayarwa, ko ja mai duhu, ba ya taɓa yin baƙi. Dayis kuwa, wato baƙin zanen fulawa da ke kama hannu cikin ƙanƙanin lokaci, PPD ne ke ba shi wannan baƙin, galibi a ƙarfin da ya ninka abin da aka yarda da shi a rinin gashi, kuma kai tsaye a kan fata ake barinsa ya bushe. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a ɗora PPD a kan fata ba, kuma gargaɗin da ke jikin kwalayen Turai ya ambaci baƙin lalle da sunansa a matsayin abin da ke ƙara haɗarin bori. A Ingila wata mata ta faɗi sumammiya a 2011 jim kaɗan bayan ta rina gashinta a gida, ta rasu a 2012 ba tare da ta farfaɗo ba. Zaman binciken musabbabin mutuwarta a 2015 ya ji cewa an yi mata zanen baƙin lalle a Dubai a 2007, kuma bayan nan ta sha zuwa wurin likita da ƙaiƙayi da kumburi duk da haka ta ci gaba da rini. Irin wannan mummunan ƙarshe ba shi da yawa, kuma ban kawo shi don firgitarwa ba. Na kawo shi ne domin jerin abubuwan da suka faru da ita, dayis, sai ƙaiƙayi, sai a yi biris, sai a sake rini, jeri ne da ake bi a gidajenmu kowace sallah, har da hannuwan yara mata 'yan shekara biyar. Idan dayis ya taɓa sa miki ƙaiƙayi, ko ya tashi ya yi bororo, ko ya bar tabon zanen a hannunki bayan launin ya goge, to tambayar gida ko salun ta faɗi a kanki. Kada ki sa rinin dindindin a ko'ina sai likitan fata ya duba ki.

Ga sauran mata kuwa, abin yi shi ne gwaji awa 48 kafin rinin, kowane karo, ko da kwalin da aka saba da shi ne. A bi yadda takardar cikin kwalin ta tsara, a ɗiga kaɗan a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu, a bar wurin kwana biyu ba a wanke ba. Ja, ƙaiƙayi, zafi ko kumburi, ko yaya ƙanƙantarsu, suna nufin a fasa. Za a ce: na shekara goma ina amfani da shi, bai taɓa yi mini komai ba. Wannan hujjar ba ta tsayawa, domin yawan haɗuwa da sinadarin shi ne ainihin abin da ke gina borin, kuma kamfanoni suna sauya haɗinsu ba tare da sun sauya hoton kwali ba. Wata kuma za ta ce gwajin ba ya kama kowa. Gaskiya ne, akwai wadda gwaji zai wuce lafiya amma kai ya yi bori, kuma gwajin da likitan fata ke yi da sinadarin da aka auna ya fi shi inganci. Duk da haka, gwajin gida yana tare mafi munin lamarin a kan fatar da ba ta fi girman ƙwandala ba, maimakon ya bazu a kai da fuska. Abin da ke hana mata yinsa shi ne gaggawa, gobe ɗaurin aure yau ake neman rini, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Salun ɗin da ya karɓe ki yau ya rina miki yau, ba tare da gwaji ko tambaya ba, bai fi ɗakinki aminci da komai ba ta wannan fuskar. Haka nan rubutun da ke cewa babu amoniya bai kamata ya kwantar miki da hankali ba. An musanya amoniya ne da wata 'yar'uwarta marar wari, PPD kuwa sau da yawa yana nan. Wasu kamfanonin sun maye gurbinsa da wani sinadari makusancinsa mai suna PTD, amma da yawa daga masu borin na farko suna yi wa na biyun ma.

Inda hannun gwani ke cancantar kuɗinsa shi ne duk aikin da ya shafi haskaka gashi. Baƙin gashi ba ya tsallakawa daga baƙi zuwa ruwan zuma. Idan aka fara cire launinsa sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan lemo, sannan rawaya, kuma a kowane mataki yana rasa ƙarfi. Mace a gaban madubi takan ga kanta ya koma ruwan goro, ta firgita, ta ƙara bilicin a kan wanda ke kai ko ta bar shi ya wuce lokaci, daga nan gashin ya zama kamar danƙo idan ya jiƙe, ya riƙa guntulewa idan ya bushe. Akwai kuma abin da ba ta lissafa da shi ba: ɗumin fatar kai yana sa gashin da ke kusa da saiwa ya fi saurin kamawa, sai tushe ya yi haske jela ta tsaya da duhu. Gwana ta san ta fara da tsakiya da jela ta bar saiwa sai ƙarshe, ta san ta gwada a kan 'yan silalla kafin ta taɓa kan duka, ta san lokacin da za ta ce a tsaya nan a dawo bayan wasu makonni. Ta kuma san rini ba ya haskaka rini. Wadda ta shekara tana zuba baƙi, ta sayo kwalin ja ta ɗora a kai, sabon tsiro ne kawai zai kama, sauran ya zauna yadda yake.

Sai batun rilaksa, wanda a ganina shi ne ya fi yawan karya gashin mata a wannan yanki idan ya haɗu da rini. Man miƙar da gashi mai ƙarfi soda ce mai ci a cikinsa, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, wanda aka rubuta babu soda ma danginta ne a ciki. A ma'aunin pH, mai hawa daga 0 zuwa 14, gashi da fatar kai suna wajen 5, rinin dindindin wajen 10, rilaksa kuwa 12 zuwa sama. Aikinta shi ne ta tsinke igiyoyin da ke riƙe da murɗin gashi daga ciki don ya miƙe, ba sa kuma sake ɗauruwa kamar da. Gashinmu mai murɗi dama yana da rauni a kowace lanƙwasa, man da fatar kai ke fitarwa ba ya saurin gangarawa zuwa jela, ga hunturu mai busar da komai. A ɗora faroksaid a kan wannan a rana ɗaya, an haɗa masa duka biyu a wuri guda. Mafi ƙarancin tazara tsakanin rilaksa da rinin dindindin mako 2 ne, rilaksa a fara, rini ya biyo baya, kuma bilicin a kan gashin da aka miƙar abu ne da ya kamata a bari kwata-kwata. Rilaksa takan bar ƙananan ƙuna a fatar kai, kuma ta waɗannan ƙofofin sinadarin rini ke samun hanyar shiga jiki. Haka lamarin yake ga kan da aka tsefe daga matsattsen kitso yau, ko wanda aka sosa saboda amosani.

Mai karatu za ta ce, to ai a salun ɗin ma ake haɗa rilaksa da rini a zama ɗaya. Ƙwarai kuwa, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa a je salun kawai a huta. Allo da madubi da injin busar da kai ba su ne ƙwarewa ba. Akwai shagunan da ake juye rini daga babbar roba marar suna, a kwaɓa da ido ba awo, a shafa wa mace uku a jere a manta wadda aka fara yi wa. Irin wannan shagon ya fi gida haɗari, domin a gida aƙalla kwalin yana hannunki kina iya karantawa. Don haka zaɓen salun ma aiki ne. Gwana ta gaskiya ita ce za ta fara yi miki tambayoyi: yaushe rabonki da rilaksa, kin taɓa sa lalle a kai, wane rini kika sa a baya, dayis yana yi miki ƙaiƙayi? Za ta buɗe kanki ta duba fatar kafin ta haɗa komai. Ke kuma ki nemi ganin kwalin da lambar ruwan haɗin, a buɗe a gabanki, ki ce a yi miki gwaji ki dawo jibi. Wadda ta ji haushin waɗannan tambayoyin ta riga ta ba ki amsa, ki ɗaura ɗankwalinki ki yi mata sallama.

Masu son gida kuma ba a banza suke magana ba. Furfura takan sake bayyana a tushe bayan mako 4 zuwa 6, kuma ba kowace mace ke da kuɗin salun sau tara zuwa goma sha uku a shekara ba. Wata ba ta son buɗe kanta a inda ba ta san mai shigowa ba, wata garinsu babu ƙwararriyar da za a je wa. Ga wadda burinta kawai ta rufe furfura da launin da ya yi kusa da nata, gashinta ba a wahale yake ba, gwaji kuma ya wuce lafiya, gida ya isa, in dai za a kiyaye ƙa'ida. A sayi kwali rufaffe mai jerin sinadarai, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC ga na Nijeriya, a guji ƙullin leda da dutsen rini da ake sayarwa a tire, araha ba ta ado. Kada a wanke kai ana gobe ko ranar, man da fata ta tara kariya ne. A zagaye goshi da kunnuwa da ƙeya da basilin, a sa safar hannu, a kwaɓa a roba ko tangaran ban da ƙarfe, a buɗe taga. A auna kamar yadda takarda ta ce, a nan ido ba mudu ba ne. A duba agogo, domin ƙarin lokaci ba ya ƙara kyau, ɓarna kawai yake ƙarawa. Mafi muhimmanci, sabon tsiro kaɗai za a shafa wa. Kuskuren da ya fi yawa a rinin gida shi ne a game kai duka kowane wata, har jela ta sha rini sau goma ta yi baƙi ƙirin marar sheƙi ta fara tsagewa. Tunda ba kya ganin ƙeyarki, ki sa 'yar'uwa ta tsaga miki kan gida huɗu ta bi layi-layi da buroshi. Wanda aka kwaɓa ya rage a zubar, ba a rufe shi a kwalba don iskar da yake fitarwa tana iya fasa ta. Idan furfurar ba ta yi yawa ba, rini mai wankewa a hankali, wanda ake haɗawa da ruwan haɗi marar ƙarfi, ya fi tausaya wa gashi, musamman mai rilaksa, ko da yake shi ma sai an gwada. Mai juna biyu kuma, likitoci da dama suna ba da shawarar ta bari sai makonni 12 na farko sun wuce.

Rinin da ke gida a ɓoye shi inda hannun yaro ba ya kai. A Sudan da Maroko, inda ake sayar da PPD tsurarsa don haɗa lalle, likitoci sun daɗe da sanin abin da yake yi idan ya shiga ciki: wuya da harshe su kumbura su toshe numfashi, fitsari ya koma baƙi-baƙi, ƙoda ta tsaya. Ba shi da makari, sai dai a yi ta tallafa wa jiki a asibiti.

Akwai hanya ta uku da muka gada, wadda ta fi dacewa da gida fiye da kowace. Lalle zalla ba ya ɗaga ɓawon gashi da ƙarfi, launinsa manne wa gashin yake yi, kuma borinsa kaɗan ne ƙwarai. Shi kaɗai yana mayar da furfura ja. Idan aka wanke shi aka bi da kwaɓin garin ganyen baba, sai a sami launi mai duhu da ya kusa baƙi. Ganyen nake nufi, ba ruwan marina ko rinin tufafi ba. Wannan ya yi daidai da abin da ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka karhanta rina gashi da baƙi ba tare da haramtawa ba, aka kuma sauƙaƙa a kan lalle da wani tsiro mai suna katam. Asalin maganar hadisin Abu Ƙuhafa ne, mahaifin Sayyidina Abubakar, da ke cikin Sahih Muslim, kuma malamai sun saɓa a kan ƙarfin hanin, wannan fagensu ne. Abin da zan ƙara ta fuskar lafiya shi ne baƙi ƙirin ɗin nan shi ne launin da ya fi ɗaukar PPD, don haka sauka zuwa ruwan ƙasa mai duhu riba ce ko ta ina. Sai dai lalle ma yana da sharuɗɗa. Yana cin awanni, ba ya haskaka gashi, kuma fitar da shi yana da wuya. Fakitin da aka rubuta wa baƙin lalle, wanda ke kamawa cikin rabin awa, rinin kanti ne da sunan ganye. Wasu haɗe-haɗen kuma suna ɗauke da gishirin ƙarfe, wanda idan faroksaid ta same shi daga baya gashin kan yi zafi ya lalace, shi ya sa dole ki gaya wa mai gyaran gashi idan kin taɓa sa lalle. Jarirai kuwa a nisanta su da shi, domin ga mai larurar gado ta ƙarancin G6PD, wadda ke da yawa a Afirka ta Yamma, lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ya kawo shawara mai tsanani.

Ana yawan tambaya ko rini yana kawo sankara. Wani bincike a Amurka da ya bi mata 46,709, aka wallafa a 2019, ya sami ƙarin haɗarin sankarar mama da kashi 9 cikin 100 ga masu rinin dindindin, ƙarin kuma ya kai kashi 45 a tsakanin baƙaƙen mata. Wani da ya bi ma'aikatan jinya 117,200, aka wallafa a 2020, bai ga ƙari a yawancin nau'o'in sankara ba. Hukumar binciken sankara ta duniya ba ta sa amfanin mutum da rini a kansa cikin abubuwan da aka tabbatar ba, amma ta sa sana'ar gyaran gashi da aski a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne a tsawaita tazara tsakanin rini da rini gwargwadon iko, kuma 'yan matan da ke kwaɓa rini da hannu tsirara daga safe zuwa dare a shaguna su ne suka fi kowa buƙatar safar hannu da iska. Haƙƙinsu ne a kan masu shagon.

Maigida mai rina gemu a wurin mai aski, duk abin da aka faɗa ya hau kanka, har ma fiye, domin fatar fuska ta fi ta kai laushi, reza tana barin ƙananan yanka, gemu kuma yana sa a maimaita rini kusan kowane mako biyu. Kada a yi gyaran fuska da rini a zama ɗaya. Gira da gashin ido kuwa rinin kai ba ya zuwa kusa da su, a gida ko a shago. A shekarun 1930 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, yana kuma cikin abubuwan da suka kai ga dokar 1938 da ta sa kayan kwalliya ƙarƙashin kulawar hukuma a can.

Idan ana cikin rini kai ya ɗauki zafi ko raɗaɗi, kada a daure a ce alamar yana kamawa ne. A wanke nan take da ruwa mai yawa da sabulun wanke kai marar ƙarfi. Idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kimanin minti 15, sannan a je a duba. Kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, sarƙewar numfashi, jiri ko suma, waɗannan na asibiti ne a cikin mintunan nan, ba na kemis ko jiƙo ba. Ƙaiƙayi da ƙurajen da suka fito bayan kwana ɗaya ko biyu a kai su wurin likita, kada a shafa musu man bilicin ko toka ko man goge baki, kada kuma a rufe su da matsattsen ɗankwali a yi shiru don kunya. A tafi da kwalin rinin, ko a ɗauki hoton jerin sinadaransa a waya, in a salun aka yi a koma a karɓo sunansa. Wadda aka tabbatar tana borin PPD ta riƙa faɗa wa duk likitan da zai duba ta, har da likitan haƙori, domin jikinta yana iya yin bori ga wasu magungunan kashe zafi da ake shafawa, da wasu magungunan rukunin salfa, da rinin wasu baƙaƙen tufafi. Ta kuma gaya wa mai ƙunshinta tun kafin a kwaɓa, jan lalle kawai za a yi mata.